Pudla, Wainar Garin Wake Ta Mutanen Gujarat

A yammacin ƙasar Indiya, bakin Tekun Larabawa, akwai wata jiha mai suna Gujarat. An kafa ta ran 1 ga watan Mayu, 1960, sa'ad da aka raba tsohuwar Jihar Bombay gida biyu bisa ga harshen da mutane ke yi. Babban birninta Gandhinagar, amma Ahmedabad ya fi shi girma da yawan jama'a nesa ba kusa ba. Ƙidayar 2011 ta nuna mutanen jihar sun ɗara miliyan 60. Fiye da rabinsu ba su cin nama, da yawa daga cikinsu ko ƙwai ba su taɓawa. Wannan kuwa ba rashi ne ya kawo shi ba, domin Gujarat tana cikin jihohin da suka fi arziki a Indiya, mutanenta kuma sun yi suna wajen fatauci tun zamanin jiragen ruwa masu filafilai. Addini da al'ada ne suka hana. Mabiya addinin Hindu na ɗariƙar Baishnaba da mabiya addinin Jain suna ganin kashe mai rai don ci babban laifi ne. Akwai dai Musulmi, kusan mutum ɗaya cikin goma, akwai kuma masunta a bakin teku, waɗanda ke cin nama da kifi, amma abincin da duniya ta sani da sunan Gujarat na marasa cin nama ne.

To, gidan da ba nama, ba kifi, ba ƙwai, da me uwargida za ta gina jikin 'ya'yanta? Da madara da dangin wake. A cikin dangin waken nan kuwa babu wanda ya kai wanda suke kira cana. Kada mai karatu ya ji sunan ya zaci daga ƙasar Sin ya fito, babu abin da ya haɗa su. Shi ne waken da Larabawa ke kira hummus, mutanen Sudan kuma suna ce masa kabkabe, suna dafa shi su yi buɗa-baki da shi da azumi. Masana sun ce an fara noma shi a kudu maso gabashin ƙasar Turkiyya ta yau, kimanin shekara dubu 10 da suka wuce. Yanzu Indiya ce ke noma wajen kashi 70 cikin 100 na duk wanda ake nomawa a duniya, ita ce kuma ke cinye mafi yawansa. A Afirka, Habasha ce kan gaba.

Iri biyu ne. Akwai babba, fari, mai santsin baya, wanda ake kira kabuli, shi ne Larabawa da Turawa suka fi sani. Akwai kuma ƙarami, mai duhun ɓawo da ƙusurwoyi, wanda ake kira desi, watau ɗan gida. Shi ƙaramin ne ake surfewa a cire ɓawon, ƙwayar ta rabe biyu, a niƙa ta fito gari mai laushi, launin ɗorawa. Sunan garin besan. Cikin kowane giram 100 nasa akan sami kimanin giram 20 zuwa 22 na sinadarin gina jiki, watau kusan ninki biyu na abin da ke cikin fulawa. Ana shuka waken a watan Oktoba ko Nuwamba, bayan damina ta ɗauke, ya rayu da laimar da ta rage a ƙasa, a girbe shi wajen Fabrairu ko Maris.

Abin da matan Gujarat ke yi da garin nan ba ya lissaftuwa. Da shi ake turara kaman, mai taushi kamar soso. Da shi ake naɗe kandabi, wanda sai ƙwararriya ke iya shimfiɗa shi ya yi siriri ba tare da ya yage ba. Da shi ake soya fafda da gantiya da baji'a, da shi ake kaɗa miyar kindirmo mai suna kadi, har alewar mohantal ta ranar biki. Amma mafi sauƙi a cikinsu duka, wanda ake yi in baƙo ya faɗo babu shiri, ko in yara sun dawo makaranta da yunwa, shi ne pudla. Wasu suna cewa puda. A arewacin Indiya, inda ake harshen Hindi, sunansa cila. A Mumbai, wadda dā ake kira Bombay, masu gidajen abinci suna sa masa tumatir da yawa su sayar da shi da sunan wainar ƙwai ta tumatir, alhali ko ƙwai ɗaya babu a ciki.

Yadda ake kwaɓinsa

Siffarsa ta fi kama da sinasir, sai dai ya fi shi siranta, kuma ba a jiran ƙullinsa ya kwana ko ya tashi. Wannan shi ne babban abin da ya sa mata ke sonsa. Daga ɗauko kwano zuwa sauke na farko, rabin sa'a ya isa.

Ga mutum biyu, kofin shayi ɗaya na besan ya wadatar, zai ba da guda huɗu ko biyar. Sai a tankaɗe shi da rariya tukuna, domin gari ne mai son dunƙulewa. A zuba gishiri, da kurkum kamar rubu'in ƙaramin cokali, da rabin ƙaramin cokali na wata 'yar ƙwaya da suke kira ajmo, a murza ta tsakanin tafin hannu kafin a zuba don ƙamshinta ya fito. Ƙamshin ajmo kamar na tayim yake, sai dai ya fi shi ƙarfi, saboda haka wanda bai samu ba yana iya sa tayim kaɗan. Daga nan sai ɗan mitsitsin hing. A yanka albasa ƙarama guda ƙanana-ƙanana, da tumatir guda, da ɗanyen barkono kore ɗaya ko biyu, a kankare ɗanyar citta, a yayyanka ganyen kusbara. A lokacin sanyi, sa'ad da ganyen hulba ke cika kasuwannin Ahmedabad, shi ake sawa, ɗan ɗacinsa kuwa yana dacewa da garin ƙwarai.

Wurin zuba ruwa ne ake gane wadda ta iya da wadda ke koyo. In aka juye ruwan gaba ɗaya, garin sai ya yi gudaji, ciki busasshe waje jiƙaƙƙe, kome bugu ba ya narkewa sosai. Dabarar ita ce a fara da ruwa kaɗan, a kwaɓa ya yi kauri kamar kwaɓin cincin mai ruwa-ruwa, a buga har ya yi sumul, sa'an nan a riƙa ƙarawa a hankali. Duka-duka ruwan ba ya wuce kashi uku cikin huɗu na kofin. Ana so ƙullin ya zubo daga ludayi ba tare da yankewa ba, amma ya bar shafe a bayan ludayin. A tuna kuma gishiri yana janyo ruwan da ke jikin albasa da tumatir, saboda haka ƙullin da ya yi daidai yanzu zai ƙara sakewa in an jima. Gara a bar shi da ɗan kauri, a rufe, a ajiye minti goma sha biyar ko ashirin don garin ya sha ruwa, sa'an nan a duba.

Gidaje sun bambanta a nan, kuma kowace uwa tana ganin nata ne na asali. Wata takan sa cokali biyu na kindirmo don ɗan tsami da taushi. Wata takan ƙara cokali guda na garin shinkafa ko tsakin alkama don gefen ya yi ƙaras-ƙaras. Akwai masu sa kanwar Bature don ya kumbura, amma wannan bai zama dole ba, in ta yi yawa ma sai ta ɓata ɗanɗano. Mabiya addinin Jain kuwa ba su cin abin da aka tono daga ƙarƙashin ƙasa, domin a ganinsu tono shi yana kashe tsiron baki ɗaya tare da ƙananan halittun da ke jikinsa. Don haka a gidajensu babu albasa, babu tafarnuwa, babu ɗanyar citta. Sukan sa kabeji ko kokwamba a madadin, su bar wa hing aikin albasa.

Shi hing ɗin nan abin mamaki ne. Ƙaro ne da ake tatsa daga saiwar wani tsiro, Larabawa suna kiransa haltit. Ɗanyensa wari gare shi, har sai an rufe shi cikin gwangwani mai murfi biyu, amma da ya ji zafin mai sai ya koma ƙamshi irin na soyayyar albasa da tafarnuwa. Duk da yadda Indiyawa ke cinsa, daga Afganistan da Iran da maƙwabtansu ake kawo musu shi, sai a 2020 ne aka fara gwajin shuka shi a kwarin Lahaul, can cikin duwatsun Himalaya. Shi da ajmo ba don ƙamshi kaɗai ake sa su ba. Kowa ya san abin da wake ke yi wa ciki, Indiyawa kuma tun kaka da kakanni sun ɗauki waɗannan biyun maganin kumburi.

Kasko da wuta

Ana toya pudla a kan wani faffaɗan kaskon ƙarfe marar zurfi mai suna tawa, irin wanda ake gasa gurasarsu a kai. Tsohon kasko wanda ya sha mai shekara da shekaru ya fi sabo, shi ya sa mata da yawa ke ware guda don irin wannan aiki, ba su yarda a kankare shi da sabulu da soson ƙarfe. Masu kaskon zamani wanda abinci ba ya kamawa sun huta da wannan damuwa, ko da yake ba ya ba da irin jan da ƙarfe ke bayarwa.

Wuta matsakaiciya ake so. A yayyafa ɗigon ruwa a kan kaskon, in ya yi ƙara ya ƙafe nan take, to ya yi. A shafa mai kaɗan, wasu da rabin albasa suke shafawa. A zuba ludayi ɗaya a tsakiya, a yi maza a baza shi da bayan ludayin, ana zagayawa daga tsakiya zuwa gefe, har ya kai faɗin ƙaramin faranti. Sai a ɗiga mai kewaye da bakinsa. Man gyaɗa aka fi amfani da shi, domin Gujarat ce ta fi kowace jiha a Indiya noman gyaɗa, musamman yankin Saurashtra, kuma mutanenta suna da son mansa kamar yadda Kanawa suke.

Daga nan sai haƙuri. Garin cana ba shi da danƙon nan na alkama wanda ke riƙe kwaɓi, saboda haka pudla ba ya haɗe jikinsa sai zafi ya dafa shi. Wadda ta yi gaggawar cusa cokali ƙarƙashinsa za ta tarar ya manne, ya farfashe. A bari kamar minti biyu, har saman ya daina sheƙi, gefen ya soma ɗagowa da kansa. A sa cokali mai faɗin baki a juya, a ɗan danna, a ba shi minti ɗaya ko biyu. In wuta ta yi yawa, waje zai ƙone ciki bai nuna ba, ɗanyen besan kuwa ɗaci gare shi da gafi, yana kuma ɓata ciki. In ta yi kaɗan, sai ya bushe ya zama kamar fata. Na farko sau da yawa ba ya yin kyau, don kaskon bai daidaita ba tukuna, mai tuya takan ci abinta a tsaye ta ci gaba.

Ba abincin ajiya ba ne. Daga kasko sai faranti, in ya huce rabin daɗinsa ya tafi. Abin da wannan ke nufi a gida shi ne uwargida tana tsaye gaban murhu tana miƙawa ɗaya bayan ɗaya har kowa ya ƙoshi, ita ce ta ƙarshen zama. Ana cinsa da niƙaƙƙen ganyen kusbara da barkono da lemun tsami, ko da cundo, watau gogaggen ɗanyen mangwaro da aka haɗa da sukari da yaji aka shanya a rana har ya yi danƙo. Mutanen Gujarat suna da son zaƙi a cikin kome, har miya sukan jefa wa mazarƙwaila, abin da sauran Indiyawa ke yi musu ba'a a kai. Akan kora da shayi, ko da tsala mai gishiri da suke kira cas. Madara ba ta wuya a jihar, domin a garin Anand ne aka kafa ƙungiyar gama kai ta masu shanu a 1946, wadda ta zama Amul. Akwai kuma pudla mai zaƙi, amma shi da garin alkama da mazarƙwaila ake yinsa, a toya da man shanu.

Tsada da algus

Duk bayanin nan ya dogara ne a kan abu guda, watau garin ya zama na ƙwarai. A nan kuwa akwai magana. Waken cana noman rani ne da ke rayuwa da ragowar laima, in damina ta gaza sai amfanin ya ragu. Haka ta faru bayan ƙarancin ruwan 2014 da 2015. A 2016, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe don dangin wake, kilo ɗaya na surfaffen cana ya haura rupi 100 a kasuwannin Indiya. Ga attajirin Surat wannan ba kome ba ne, amma ga iyalin leburan da ba ya cin nama, kuma madara ta fi ƙarfin aljihunsa kullum, rage wake rage abincin gina jikin yara ne kai tsaye. Gwamnatocin Indiya sun san farashin wake yana iya tayar da hankalin jama'a, shi ya sa a watan Yuli na 2023 gwamnatin tarayya ta soma sayar da surfaffen cana daga rumbunanta a kan rupi 60 kilo, da sunan Bharat Dal.

Duk sa'ad da abu ya yi tsada kuwa, masu algus sukan samu ƙofa, gari kuma ya fi ƙwaya sauƙin cuta, tun da ido ba ya rarrabe abin da aka niƙa. Mafi yawan abin da ake gaurayawa shi ne garin wani rawayan wake mai araha da ake shigowa da shi daga Kanada da Rasha. Wannan ba ya cutar da lafiya, zaluncin a kuɗi ne da ɗanɗano, sai dai pudlan ya fito salam, ba ƙamshi. Akwai masu ƙara garin masara ko na shinkafa su rina da launin da doka ta hana sawa a abinci. Mafi muni shi ne wani wake mai suna kesari. Tsiro ne mai jure fari, yakan yi ko da kome ya mutu a gona, shi ya sa talakawa ke komawa gare shi a shekarar yunwa. Amma yana ɗauke da wata guba wadda, in mutum ya yi watanni shi ne mafi yawan abincinsa, takan taɓa jijiyoyin laka ta shanye ƙafafu, kuma ba a warkewa. A 1961 gwamnatin Indiya ta hana sayar da shi. Ɗan abin da ake samu a gauraye cikin besan ba lalle ne ya kai ga shanye ƙafa ba, amma babu uwar da za ta so ta ba ɗanta shi ba da saninta ba.

Maganin da matan Gujarat suka riƙe tsoho ne. Sukan sayi ƙwayar da kansu, su tsince, su shanya, su kai injin unguwa a niƙa a gabansu. Gidaje da yawa ma suna da ɗan ƙaramin injin niƙa na lantarki a kusurwar ɗakin girki, mai kama da akwati. Ba a niƙa da yawa a ajiye, domin garin yana da ɗan maiƙo, in ya daɗe a wuri mai zafi sai ya yi ɗaci, ƙwari kuma suna sonsa. Mai saye a shago sai ya shinshina, ya ɗanɗana kaɗan a harshe. Sabon gari ƙamshin ɗanyar gyaɗa-gyaɗa yake yi, tsoho kuwa warin tsohon mai.

Likitoci a Indiya sukan ba masu ciwon sukari shawarar su riƙa karyawa da irin wannan waina maimakon farin burodi, domin garin wake ba ya ɗaga sukarin jini da sauri kamar fulawa. Maganar ba ƙarama ba ce a ƙasar da binciken hukumar nazarin lafiya ta ƙasa ya nuna a 2023 cewa mutum miliyan 101 ke da ciwon. Waɗanda cikinsu ba ya ɗaukar alkama su ma sun samu mafita a nan, sai dai su lura, hing ɗin da ake sayarwa a gwangwani galibi an cuɗa shi da garin alkama.

Inda ya bi su

Fataken Gujarat sun daɗe suna ƙetare teku zuwa Zanzibar da Mombasa, daga baya suka bi hanyar jirgin ƙasa har Kampala. Baji'ar da ake soyawa a titunan Kenya da Tanzaniya yau daga wajensu aka gada. A watan Agusta na 1972 Idi Amin ya ba Indiyawan Uganda kwana 90 su bar ƙasar, mafi yawansu kuwa 'yan asalin Gujarat ne. Kimanin dubu 28 suka sauka Ingila. Hukumar birnin Leicester har talla ta buga a jaridar Uganda Argus tana roƙonsu kada su zo garinta, amma suka zo, kuma titin Belgrave da suka zauna ya cika da shagunan besan da kayan yaji. Ga iyalin da aka raba da gida da dukiya aka bar su da akwati ɗaya, abincin da ba ya bukatar kome sai gari da ruwa da gishiri da kasko ya yi musu rana.

A Nijeriya ba a noma waken cana don kasuwa. Ana samun garinsa a shagunan Indiyawa, kamar na unguwar Ilupeju a Ikko, da wasu manyan kantuna a Kano da Abuja, amma da tsada, tun da daga waje ake kawo shi. Sai dai mutanen Gujarat ɗin kansu suna da wani pudla da suke yi da farin wake, irin wanda manoman Kano da Maraɗi ke nomawa, wanda asalinsa ma daga Afirka ya je musu. Suna kiransa cola ko cora. Akan jiƙa surfaffen waken sa'a uku ko huɗu, a niƙa shi da citta da ɗanyen barkono kamar za a yi ƙosai, sai dai ba a buga shi don ya tashi, a sassauta shi da ruwa ya fi ƙullin ƙosai ruwa, a zuba ganyen hulba da gishiri. Tuyar ɗaya ce da ta besan, illa shi yana bukatar wuta ta ɗan fi sauƙi da ƙarin minti guda a kowane gefe, domin niƙaƙƙen wake ya fi gari jinkirin nuna.